Lauyan Ruwan Darrasa

"Wallahi idan na buɗe baki a kotun Masar, alƙali da kansa zai miƙe ya ba ni kujerarsa!"

Hassumi ke nan, ɗan Maraɗi, ɗalibin shari'a a Alƙahira, wanda ya maimaita ajin farko har malamai suna gaishe shi da "abokin aiki". Abokina, kada gemun ya ruɗe ka, kan nan fanko ne.

A shekarar 1981 aka ƙara kuɗin ruwan famfo. Gidan da su Hassumi suke haya a unguwar Darrasa ɗaki biyu ne, amma ka san mutanenmu da baƙo: ɗalibai, fatake, alhazan da guzuri ya ƙare musu, kowa da tabarmarsa har bakin banɗaki. Da ƙyar ake haɗa na wake da burodi, ga kuma ƙari. Sai Hassumi Sarkin Surutu ya ce zai kai masu ruwa ƙara da sunan al'umma.

Ma'azu, dattijon gidan, ya ce, "Malam Hassumi, rufa mana asiri. Mu biya mu yi shiru."

"Khalas, ya isa, Baba! Kai dai ka zo ka ga ilimi."

Ya ce ƙarar al'umma sai da al'umma, don haka ya kwashe gidan kaf suka yi masa rakiya, kowa ya sha babbar riga kamar masu ɗaurin aure.

Shi kuwa alƙalin, hukuncinsa yana bin yanayin cikinsa ne. A gabansu ya rage wa wani wanzami kuɗin ruwa don garinsu ɗaya, ya kori ƙarar wata tsohuwa don shayinsa ya huce. Mai hankali da ya ga haka sai ya sulale. Gogan naka gyara hula ya yi.

Ya zuba Larabcin littafi, ya ce ruwa na Allah ne, ya jawo malaman Bagadaza da na Andalus. Alƙali yana ta hamma. Da Hassumi ya ga abin bai ci ba, sai ya juya ya ɗaga hannu.

"Yalla, jama'a, ku miƙe! Ya mai girma, dubi waɗanda ake zalunta. Duk famfo ɗaya muke sha!"

Rabin kotu ya miƙe. Nan take barci ya bar idon alƙali.

"Duka? A gida ɗaya?"

"Ƙwarai! Wasu ma sun tafi Makka, wasu suna hanya."

Ma'azu ya dafe kai.

"Tamam," in ji alƙali. "Mutane suna shiga suna fita, suna kwana, suna wanka. Wannan ai otal ne. Daga yau a rubuta musu kuɗin ruwan 'yan kasuwa."

Hassumi ya daburce. "Ya mai girma, wace doka ce ta ce haka?"

"Ni na ce. Kai ne shugabansu?"

Ko a nan wawan bai farga ba. Ya bugi ƙirji: "Ni ne!"

"Madalla. Askari, riƙe mini manajan nan har ya kawo lasisin otal ɗinsa."