Ranar da Na Mayar da Ɗana Mai Arziki a Gaban Alƙali

Ko na so in manta da ranar nan, ba za ta bar ni ba: ranar da aka kai ni kotu a Gusau don in taimaki ɗana, na tashi na kusa ɗora masa nauyin da zai karya shi. Ni ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Maƙwabciyata Malama Hajara ce take rubuta wannan ina faɗa mata. (Ta fara dariya tun ban fara ba, don ta san labarin.)

Ɗan nawa shi ne na fari, saboda haka kada a tambaye ni sunansa. Ya haura shekara arba'in, bakina bai taɓa furta shi ba. A Rawayya ana ce masa Direba, ni ma da wannan nake fakewa. Shekara uku da suka wuce ya rabu da matarsa Rabi, ta koma gidan iyayenta a Tudun Wada da yara biyu. Alƙali ya yanka masa naira dubu ashirin duk wata na ciyar da su. A lokacin yana da motar kansa, yana jigila tsakanin Gusau da Tsafe, wani lokaci har Bilbis, kuma bai taɓa fashin biya ba. Sai injin motar ya buga, ya sayar da ita a wulaƙance, ya koma tuƙa ta wani Alhaji. Kullum sai ya fara cire wa mai mota nasa, ya cire kuɗin fetur, ɗan abin da ya rage shi ne rabonsa. Ga fasinja sun ragu saboda halin da hanya take ciki. Wata biyu a jere ya kasa cika kuɗin yaran. Aka ce masa in ya ci gaba da haka ana iya tsare shi, amma yana da damar komawa gaban alƙali ya roƙi a rage, in dai zai nuna cewa samunsa ya ragu.

Da mijina Malam yana da rai, shi zai je, ni ko labarin ba zan ji ba sai an gama. Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa, kuma har yau in namiji ya yi sallama a ƙofar gida sai gabana ya faɗi, in ɗauka shi ne. (Dakata in share fuskata.) To ba ya nan, sai aka ce ni ce shaida.

Ni da Direba ba ma doguwar magana, gaisuwa ce kawai kowa kansa a ƙasa. Don haka ƙanwarsa Larai ya aiko ta yi mini bayani. Ta ce abu biyu kawai zan faɗa, kuma duk gaskiya ne. Na farko, gonar da yake nomawa ba tasa ba ce shi kaɗai, gadon Malam ce da ba a raba ba, su biyar ne a kanta ga kuma nawa tumunin. Na biyu, shi yake ciyar da ni, shi yake sayen maganin hawan jinina. Na ce mata wannan ai ba sai an koya wa mutum ba. Ta sa na maimaita sau uku, har na ji haushi na ce ko ta ɗauka na fara ruɗewa ne.

Da muka isa kotu na tuɓe takalmana a bakin ƙofa, wani ma'aikaci ya ce in mayar. Ina shiga na ga Rabi. Ta taso ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta ce, "Inna, kin rame." Nan take idona ya cika. Na tambaye ta yaran, na miƙa mata ƙullin ƙuli-ƙulin da na taho musu da shi. Larai tana ta jan mayafina tana raɗa mini cewa a yau Rabi abokiyar shari'a ce. Ni dai ban gane yadda uwar jikokina ta zama abokiyar shari'ata ba.

Alƙalin ba tsoho ba ne, zan haife shi. Ya fara da Direba. Ya tambaye shi nawa yake samu a rana, kwana nawa yake fita a mako, nawa mai mota yake karɓa. Wani a gefe yana dannawa a waya yana faɗin adadi. Suna haɗa na kwana ya zama na mako, na mako ya zama na wata, ni tun a na kwana suka bar ni a baya. Sai alƙali ya ce akwai maganar gona, a kira uwarsa.

Na tsaya. Ya ce in faɗi sunan wanda na zo yi wa shaida. Na yi shiru ina kallon ƙasa. Ya sake tambaya, na sake yin shiru. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗan fari ne ke nan. To mun yafe wannan." Mutane suka ɗan yi dariya. Wannan dariyar ce ta fara kwance mini kai, don ta tuna mini cewa ga ni a tsaye gaban maza, ga ɗana a gefe, kowa yana jiran abin da zan ce a kansa.

Ya ce, "Inna, gonar nan ta Rawayya ta wa ce?"

Bayanin Larai yana nan a kaina, ban manta ba. Amma ta yaya zan buɗe baki a bainar jama'a in ce ina da rabo a abin da ke hannun ɗana, kamar mai neman a raba mu? A gidanmu tun da Malam ya rasu, babba shi ne uba. Na ce wa alƙali, "Allah ya gafarta Malam, tasa ce. Komai yana hannunsa."

Na ji Larai ta ja numfashi a bayana. Alƙali ya ce bana buhu nawa aka samu. A iya sanina, wanda Allah ya ba amfanin gona ba ya raina shi, ko kaɗan ne sai ya gode. Na ce alhamdulillahi an samu, masara da dawa buhu goma sha takwas, ban da waken suya. (Waken suyan ko buhu ɗaya bai cika ba, amma na faɗe shi da ƙarfi kamar mota aka ciko.) Mai wayar nan ya shiga dannawa. Aka sa wa kowane buhu kuɗi, aka cire na taki da na 'yan ƙwadago, sannan aka ce za a raba sauran gida goma sha biyu. Ni tun da nake ban taɓa jin an raba damina gida goma sha biyu ba. Abin da na sani a zuba a rumbu, a riƙa ɗiba har Allah ya kawo wata.

Sai tambaya ta ƙarshe. Ya ce ɗana ya rubuta cewa shi yake ɗauke da cina da maganina, haka ne? Nan fa kunya ta gama rufe ni. In tsaya in ce ni nauyi ce a kan ɗana? Na ce ni ban ɗora masa komai ba, ɗan kunu ya ishe ni, kuma ina sana'ar ƙuli-ƙuli. Rabona da yin na sayarwa shekara biyu, tun da kafaɗata ta ƙi. Amma ga ƙulli a cinyar Rabi kowa yana gani. Alƙali ya ce to a soke wannan layin.

Da aka gama lissafi aka karanta, ni ban fahimci komai ba sai yawan dubbai. Na ɗauka an gama lafiya. Na ɗaga hannu biyu na ce mun gode, Allah ya saka da alheri. Larai ta matso kunnena ta ce, "Inna, kin sa samunsa ya fi na lokacin da yake da mota. Ƙarawa za a yi." Na juya na kalli Direba, abin da ban saba yi ba. Ya dafe kai da hannu biyu.

Kafin in san abin yi, Rabi ta miƙe ta nemi izinin magana. Ta ce ita ta zauna a gidan nan shekara tara, gonar ta gado ce, buhunan nan gida shida ake ci daga cikinsu. Ta ce maganin Inna kuwa lokacin da take gidan ita da kanta take karɓowa a Bungudu da kuɗin Direba. Ta ce, "Ina son haƙƙin 'ya'yana, amma ba na son a ba su abin da ba na ubansu ba."

Dariya ta ɓarke a kotu. Alƙali ya cire tabarau ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa ganin uwa ta yi wa abokiyar shari'a shaida, abokiyar shari'a kuma ta yi wa tsohon mijinta shaida ba. Ya ce, "Inna, yanzu wa zan yarda da ita a cikinku?" Na ce ya yarda da Rabi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige ban waiwayo ba.

Ya ce ba zai yi hukunci a kan magana biyu ba. A je a raba gadon, a kawo masa takardar da ta nuna rabon Direba, sannan ya yi lissafi da shi. Kafin nan kuɗin yana nan yadda yake.

Muka shiga mota muka kama hanyar gida har muka wuce Bungudu. Can Direba ya ce wa Larai, ba ni ba, ta tambayi Inna ko tana da sauran ƙuli-ƙulin sayarwa, don wannan watan da shi za a cika. Larai ta yi dariya har da hawaye. Ni hawayen kawai na yi.

Bayan mako biyu malamai suka zo da igiya suka auna gonar. Ni ce na yi shekara huɗu ina cewa a bari tukuna, don muddin tana haɗe ina jin kamar Malam ya je kasuwa ne zai dawo. Na zauna a gindin gawon da Malam yake hutawa ina kallo ana kafa turaku, ana cewa nan na wane, nan na wance. Ranar na yi kukan da ya fi na ranar jana'iza.

Da aka koma kotu da takarda (ba a gayyace ni ba, kuma ban tambayi dalili ba), alƙali ya mayar da kuɗin dubu goma sha huɗu, da buhun masara ɗaya duk kaka. Ya ce in Direba ya sake yin mota, Rabi tana iya dawowa a sake lissafi. Ba a tsare kowa ba, yaran suna ci.

Abin da na koya a tsufana shi ne, kunya da kara suna da kyau a tsakar gida, amma a kotu akwai mai waya a gefe, duk alhamdulillahin da ka yi sai ya mayar da ita naira. Yanzu ko lafiyata aka tambaya, sai na fara duba hannun mai tambayar kafin in amsa.