Rasuwar Gwaggo Mai Haƙora Shida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Baba Mai Awo na shagon fere ƙarfe yana sanar da 'yan uwa, abokan sana'a, da maƙwabtan da suka ji ƙarar suka fito ba takalmi, rasuwar abar ƙaunarsa, wuƙar inji da aka fi sani da Gwaggo Mai Haƙora Shida. Ta rasu ranar Laraba da hantsi, tana tsakiyar aiki, tana da shekara talatin da ɗaya.

Ga wanda bai san marigayiya ba: faifan ƙarfe ce mai faɗin tafin hannu, ana ɗaura ta a bakin inji, ta yi ta juyi tana fere fuskar ƙarfe har mutum ya ga hancinsa a ciki. Haƙoranta na kwancewa ne, in sun dakushe a sa mata sababbi, shi ya sa ta binne injuna biyu ta shiga na uku. Maigidan da ya koya wa Baba sana'a shi ya damƙa masa ita ranar da ya yaye shi, a naɗe cikin tsumma. Shi ma Baba ya riga ya yi shela a gaban kowa cewa Asabar ɗin nan zai damƙa ta ga 'yarsa Injiniya, haɗe da makullin shago, ya koma gida ya miƙe ƙafa. Har tsumman ya sa an wanke an goge.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta san ƙorafi ba. In aiki na tafiya daidai sai ka ji shiiiii, kamar an zuba albasa a mai. In an matsa mata ta ce garr-garr, Baba ya rage gudu ya ba ta haƙuri da baki. Ya san ranar da aka sauya mata kowane haƙori, alhali nasa guda biyu sun fita sai da matarsa ta tuna masa.

Ciwon ajalinta a cikin kwamfuta ya fara. Injiniya ce ta kawo wata manhaja mai gwada aiki a allo kafin inji ya taɓa ƙarfe: ga wuƙa, ga tebur, ga ƙarfen da za a fere, ga mariƙan da ke danne shi. In wani abu zai yi karo da wani, allo ya yi ja. Baba ya raɗa mata suna Matsoraciya, kuma yana da hujja, don ta taɓa kwana uku tana kururuwa a kan wani noti da aka kwance tun bara aka manta ba a cire shi a zane ba. Tun ranar ya ƙullace ta a ransa.

Ranar Litinin Injiniya ta yi tafiya duba wani sabon inji. Tana saɓa jaka ta ce, "Baba, don Allah in ka ga ja, kada ka danna komai, ka jira ni." Ya ce, "An gama, ranki ya daɗe." Ko kwanar layi ba ta sha ba ya ɗaura Gwaggo, wai zai yi aikin bankwana da ita, su biyu kawai.

Allo ya yi ja a layi na ɗari biyu da sha huɗu na jerin umarnin da inji zai bi.

A nan dole a yi wa mai makoki adalci, ya yi jinya iya jinya. Ya sake auna tsawon Gwaggo ya shigar, ja. Ya duba kaurin wuyanta, ja. Ya gyara girman ɗanyen ƙarfe, ya sake saita wurin farawa, ya kashe kwamfuta ya kunna, ya hura mata iska, ya yi mata magana mai daɗi, ya yi mata wadda ba a rubutawa a sanarwa, ja wur. Maƙwabcinsa Mai Walda, wanda ya jawo benci ya zauna kallo, ya ƙirga Gwaggo ta mutu a allo sau arba'in da uku kafin yammacin Talata, kowane karo Baba ya danna ta tashi garau.

Laraba da safe ya gano bakin zaren. Duk jan yana zuwa ne in Gwaggo ta ɗaga za ta tsallake mariƙin hagu. Ya leƙa cikin inji ya dubi mariƙin gaske. Jama'a, mutumin da ke sa ma'auni a burodi kafin ya yanka, mutumin da aka raɗa wa suna Mai Awo, ranar nan da ido ya auna! Ya ce ai ko akuya za ta wuce ta wurin nan, wannan ma irin maganar notin bara ce. Ya koma allo, ya zaɓi mariƙin, ya goge shi daga zane.

Allo ya yi kore shar. Baba ya tashi ya taka rawa da tabarau a goshi, yana cewa, "Mai Walda, taso ka ga yadda ake maganin maƙaryaciya!" Ya tayar da inji aikin gaske, har ƙofarsa ya bari a buɗe don baƙo ya gani da kyau. Abin da murna ta hana shi tunawa shi ne, mariƙin da ya goge na hoto ne. Na ƙarfen yana nan daram a kan tebur, da noti biyu da shi da kansa ya ɗaure da sifana har yana nishi.

Layi ɗari biyu da sha uku Gwaggo ta yi tana waƙarta, shiiiii, ba ta taɓa yin daɗin murya irin na ranar ba. A na sha huɗu ta ɗaga, ta kwaso gudu, ƘWARAM! Wannan ce kalmarta ta ƙarshe. Babu wanda ya ji ciwo, sai dai Mai Walda ya tsinci kansa a ƙarƙashin bencin da yake zaune a kai, bai san ta ina ya shiga ba.

Marigayiya ta bar haƙora biyar: ɗaya a silin, ɗaya a kofin shayin Mai Walda, uku a cikin ɓarɓashi. Na shida ana cigiya. Ta bar ƙannenta matasan wuƙaƙe a durowa ta biyu, da sifanar da ta yi mata hidima tun ƙuruciya. Ta kuma bar mariƙin hagu, wanda ya fita da ɗan ƙwarzane kawai, yana zaune ko kunya babu.

Bayan ƙura ta lafa ya ɗauko ma'auni ya auna. Milimita huɗu ne. Da ya ɗaga hanyarta da milimita huɗu, da tana nan. Ya mayar da mariƙin cikin zane da hannunsa, ya ƙara tsayin, allo ya yi kore na gaskiya. Sai a lokacin ya zauna ya yi kuka, kuma ba ya ɓoyewa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar ƙarfe goma na safe, daidai lokacin da aka sa don miƙa ta. Za a naɗe ta a tsumman da aka wanke, a ɗora ta a kan kantar da ke saman kwamfuta, inda duk mai shirin goge wani abu zai haɗa ido da ita. Ana gargaɗin masu sayen tsohon ƙarfe kada su ko rage tafiya a ƙofar shago. Masu ta'aziyya su zo da haƙuri, su bar "ya aka yi" a gida. Mai son ganin marigayiya da ranta za a kunna masa allo, tana nan tana tsallake mariƙin lafiya lau, Baba ya kalla ya fi sau ɗari.

Sanarwa ta musamman ga Injiniya, wadda za ta dawo gobe ta tarar da takardar nan manne a ƙofa: sau bakwai mahaifinki ya kira ki a waya, sau bakwai ya ɓige da tambayar ko ana ruwa a can. Makulli na hannun Mai Walda, naki ne. Baba yana bayan inji a zaune da tsumma a cinya. Lafiyayya aka ba shi Gwaggo, gunduwa-gunduwa zai miƙa miki, yana roƙon ki sa hannu biyu ki karɓa.