Kunyar Ɗan Fari a Gaban Alƙali

Jama'a, yau da safe an ƙwace mini kunun gyaɗa a ƙofar kotu. Mai gadi ya jijjiga fulas ɗin, ya sansana, ya kalle ni kamar na goyo garwashi, ya ajiye a gefe. Maƙwabciyata Inna Ramatou na dama wa, don tun jiya fargaba ta hana ta cin komai. Ina miƙa godiya ga masu tsaron gari. Yau sun ceci New York daga sharrin gyaɗa da tsamiya.

Ga abin da ya kai mu. Inna Ramatou 'yar Damagaram ce, ta tsufa a wani bene bayan Fordham Road tana jinyar tsofaffin mutane har ita ma gwiwa ta fara neman mai jinya. Gidanta na cikin waɗanda doka ta yi wa dabaibayi: mai gida ba ya ƙara kuɗi sai gwargwadon abin da manya suka yanka, ba ya kuma korar mutum don ya ga dama. Irin wannan gida a garin nan ya fi kujerar Makka wuyar samu, ku tambaye ni da aurena yake jiran ɗaki. Shi ya sa mai gidan, Mai Girma Sarkin Benaye, wanda ba mu taɓa ganin fuskarsa ba sai sunan kamfaninsa, yake yi mata kallon kura ga akuyar da ke cikin keji.

Hitar ɗumama ɗaki ta mutu da hunturu, ba su zo ba. Rufi ya yi yoyo, ba su zo ba. Amma ran da suka ji ƙishin-ƙishin akwai namiji a gidan, wakilinsu ya iso da murmushi har kunne. Ya tarar da Amadou yana goge rigar aiki, ya tambayi Inna wane ne wannan.

Amadou ɗanta ne na fari. Duk wanda ya sha nonon Bahaushiya ya san sauran zancen. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa cewa nata ne a gaban mutane ba. "Wancan" take ce masa. Sai ta kau da kai, ta ce da guntun Turancinta, wani yaro ne, ɗan mutane. Wakili ya yi godiya har da rusunawa. Ba a jima ba sammaci ya zo: wai ta ba bare hayar gida a ɓoye, ta tattara ta fita.

Na karanta littattafan soyayya iya ƙarfina, ban ga soyayyar da ta kai wannan ba, uwa ta ɓoye ɗa a zuciya har harshenta ma ba ta yarda da shi ba. Kamfani kuwa ya duba wannan, ya ga hujja.

A barandar kotu muka zauna, mu da rabin Bronx. Sadick, direban tasi ɗan zangon Kumasi, shi ya kawo mu. Ya dube ni ya ce:

"Cale, abokina, kai marubuci, me ka rubuto?"

"Jawabi ne a kan martabar uwa."

"Ninke shi ka yi fifita. Nan ko lauya minti ake auna masa."

Ai kuwa lauyan, Allah Ya saka wa manya, kyauta suka ba mu. Mutumin kirki ne, sai dai an ɗora masa mutane kamar jakin kasuwa. Ya zo da gudu, ya gaida Inna da sunan Mista Kwame, ya nemi gafara, ya ce takardun haihuwa suna hannu ana dubawa, amma tunda bakinta ya ɓata, bakinta zai gyara. Doka ta yarda ɗa ya zauna da uwarsa. Abin da ake so kawai ta ce ɗanta ne, shi ke nan.

Shi ke nan! Ranku ya daɗe, masu liƙa mana hotunan "san haƙƙinka" a kowane jirgin ƙasa, kun yi mana lema mai kyau. Ruwa ne kawai ba ta tarewa. A zaman farko ma tafintan wani yare suka kawo, wai Afirka ai Afirka ce.

Aka kira mu. Alƙali ya tambaya, tafinta ya juya: "Inna, wannan da ke bayanki, mene ne shi a wurinki?"

Ta dubi ƙasa. Ta gyara mayafi. Lauyan kamfani ya fara tattara alƙalumansa yana murmushi. Amadou, ƙaton da ke ɗaukar kaya a filin jirgi, ya sunkuya ya ce, "Inna, bar shi, mu nemi wani wuri." Wane wuri? Ni da shi mun san babu.

Sai ta ɗago. "Ɗana ne. Ni na haife shi. Amadou."

Wallahi ƙaton nan ya fashe da kuka kamar an yaye shi. Ni ma na jiƙa jawabina. Sadick ya ce wai ƙura ce ta shiga idonsa.

Muna cikin haka akawu ta ɗaga hannu. Na'urar ɗaukar magana ba ta kama ba, lokacin tafinta kuma ya ƙare. An ɗage zama, a dawo wata mai zuwa a maimaita. Kafin nan dai ba mai taɓa mata ko tabarma, wanda a garin nan shi ake kira nasara.

A mota Amadou ya share ido ya ce, "Allah Ya sa na'urar ta sake lalacewa."

Inna ta kai masa duka da jaka. "Kai wancan, rufe mana baki."

Kada ka damu, Amadou. Na san manyanmu, addu'arka karɓaɓɓiya ce. Fulas ɗina kuwa an dawo mini da shi a wanke, babu ko ɗigo. Ashe akwai abin da suke gamawa a rana ɗaya.