Ɓarawon da Na Kama a Shafin Makaranta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban aji ina tona asirin ɓarawo ba, ni da ko an kira sunana a rajista sai murya ta maƙale.

Makarantarmu a Mai Wurno tana da ɗan shafi a intanet inda iyaye ke duba sakamakon 'ya'yansu. Ustaz Haruna, malamin kwamfuta, shi ya haɗa shi. Duk wanda ya shiga, shafin yana rubutawa: lambar ɗaliba, lokaci, da ko ya buɗe ko ya ƙi. In an sa kalmar sirri ba daidai ba sau uku, wayar Ustaz ta yi ƙara. Da ƙarar ta ishe shi, sai ya ba ni aikin karanta wannan rajista, wai ni mai lura ce (gaskiya ne, na san wadda ta sauya ɗankunne a ajinmu kafin ƙawarta ta sani).

Kwana shida ina ganin abu ɗaya. Wani yana gwada lamba guda kullum bayan la'asar, ya faɗi sau uku, ya dawo bayan magariba. Tsakanin gwaji da gwaji yakan daɗe. Na kasa zama, na kasa cin tuwo. Na cika shafi biyu na littafina da lokuta, na kwafe lambar a sama. Lambar kuwa ban tsaya duba ta wace ce ba. Ɓarawon nake bi.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, makon da ya wuce na sauya kalmar sirrina, don kada Baba ya ga abin da na ci a lissafi. Na sauya, na manta da zancen.

Ranar Talata Ustaz ya ce in yi wa aji bayani. Na tashi na ce, "Ɓarawon nan ba shi da wayo. Da yatsa ɗaya yake rubutu, kuma ba ya gajiya da faɗuwa." Aka kwashe da dariya. Daɗi ya kama ni, na ƙara da cewa ya kamata a kai shi wurin 'yan sanda.

Sai wayar Ustaz ta yi ƙara.

"Ga shi nan!" na ce da ƙarfi. "Yanzu haka yana gwadawa!"

Aka yi sallama a bakin ƙofa. Baba ne, da taɓon hawasha, gonarmu ta ban-ruwa, a ƙafarsa, waya a hannu, yatsa ɗaya a kanta.

"Ustaz, gafarta," ya ce. "Abin ga ya ƙiya mini kwana shida. Yanzu ma na gwada a bakin ƙofa don ka gani da idonka."

Nafisa da ke bencin gaba ta leƙa littafina. "Ke, wannan ai lambarki ce!"

Ustaz ya danna, ya danna, ya ɗago. "An sauya kalmar sirri ranar Laraba. Wa ya sauya?"

Na ɗaga hannu kamar mai ɗaga buhun dawa.

Ustaz ya buɗe sakamakon, ya miƙa wa Baba. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya dube ni.

"Don wanga kika rufe mini ƙofa, ɗiyata? Ni na ɗauka kaina ne ya tsufa. Halas, shi ke nan, mu tafi, uwarki na jiran labari."

A hanya bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce kawai in koya masa yadda ake shiga da kyau, shi kuma zai roƙi Ustaz a ƙara mini darasin lissafi.

Tun ranar, in na ji ihun ɓarawo na taso mini a maƙogwaro, sai na fara leƙa gidanmu in ga ko kowa na nan, kada ɓarawon ya zama namu ne.