Kujerar Tausa a Babbar Kotu

A duk unguwarmu babu wanda ya san doka kamar Herr, wato Malam, Ottmar Knoblich. Bai karanta ta a jami'a ba, gaskiya ne, amma ya yi shekaru yana buga hatimi a ofishin rajistar motoci, kuma wanda ya daɗe da hatimi a hannu, ilimi ta yatsu yake shigarsa. Tun da ya yi ritaya, gidan benenmu ya samu adalci. Shi ke leƙa kwandon shara ya gano wa ya haɗa kwalba da takarda, alhali doka ta ce a raba su. Shi ke kama mai kunna injin wanki ranar Lahadi, ranar da aka hana hayaniya. Mu maƙwabta, tsabar ƙauna, muna kiransa Alƙalin Bola.

Bara ya sayi kujerar tausa mai lantarki, biya kaɗan-kaɗan duk wata, ta hannun wani banki da shagon ya haɗa su. Kujera ta ɗan kwana biyu tana matsa masa baya, sai ta yi gurnani ta mutu. Ita ta daina aiki, banki bai daina cire kuɗi ba. A nan kam yana da gaskiya, kowa ya shaida.

Magana ce ta ƙaramar kotu, wadda ke bayan tashar jirgin ƙasa. Can mutum ke zuwa da ƙafarsa, ba lauya, ya faɗi abin da ke cinsa da bakinsa. Matarsa Irmgard ta ce, "Ottmar, don Allah je can ka gama. Kuɗin da na tara na hutun bakin teku ne, kada ka taɓa min su."

Ya gyara tabarau. "Ni? Kotun da ake kai rigimar shingen lambu da cizon kare? Irmgard, ki san da wa kike aure. Babbar kotu za ni, mai ginshiƙai."

Sai dai babbar kotu ba ta karɓar ƙara sai abin da ake nema ya yi nauyi, kujerar kuwa ko rabin mizanin ba ta kai ba. Da ƙaramin mutum ne, da ya haƙura. Alƙalinmu ya zauna ya yi wa ƙarar kiwo. Ya ƙara diyyar ciwon baya. Ya ƙara ta baccin da ya rasa. Ya ƙara ta kunyar da ya sha ranar da surukinsa ya hau kujerar, ya danna, ya danna, ya tashi yana murmushi. Kafin mako ya ƙare, ƙara ta yi ƙiba.

Babbar kotu kuma ba a shigarta sai da lauya. Ya ɗauko wata matashiya, Frau Petzold, wadda ta yi ta gaya masa cewa duk abin da ya nema ya rasa, shi zai biya kuɗin shari'arsa, har da na lauyan banki.

Ya ce, "Yarinya, ke dai buɗe min ƙofa. Sauran ki bar wa manya."

Kafin alƙalaminta daga kuɗin teku ya fito. Aro ne kawai, in ji shi.

Daga nan muka shiga uku. Jawabin da zai yi wa alƙalai, a matakalar bene yake gwada shi, don a nan murya ta fi amo. Wanda ya dawo da kayan cefane sai ya tsaya ya ji tarihin kujera tun daga zamanin Rumawa.

Ranar shari'a muka raka shi, mu da yawa, don kara. Ginshiƙan suna nan, amma ta gefe aka bi da mu, zuwa wani ɗaki da bai fi falonsa ba. Alƙaliya ɗaya ce, tana fama da mura. Herr Knoblich ya miƙe, ya dafa ƙirji.

"Ranki ya daɗe, tun zamanin Rumawa..."

"Herr Knoblich, a nan lauyarka ce ke magana. In ina da tambaya zan yi maka."

Lauyoyi suka yi 'yan maganganunsu. Can alƙaliya ta ɗago kai ta dube shi. "Kujerar tana aiki?"

Ya ja numfashi mai tsawo, irin na mai shirin wa'azi. "A'a."

"Na gode. Zauna."

Hukunci ta gidan waya ya zo. A kan kujera ya yi nasara, banki ya mayar masa da kuɗinsa. Ciwon baya da bacci da kunyar suruki kuwa duk an yi watsi da su, kuma da yake su ne mafi yawan ƙarar, mafi yawan kuɗin shari'a a kansa ya sauka. Na teku suka tafi, na kujerar suka bi bayansu.

Hutun bana a baranda Irmgard ta yi shi, ƙafafunta cikin robar wanki da ruwan sanyi. Shi kuwa ko gezau. Jiya ma a layin burodi ya tare jama'a yana cewa, "Babbar kotu ta saurare ni, kuma da maganata ta yi aiki."

Irmgard na bayansa riƙe da jaka. Ta ce, "Maimaita musu maganar mana, Ottmar. Ai ba ta da tsawo."