Farshok ɗin Komi Alkasum

Wanda ya zauna Agadas a shekarun fari bai san Komi Alkasum ba, ya yi zaman banza. Mutum ne da Allah ya zuba wa kwarjini tun daga hula har takalmi. Komi ne, wato akawu, kuma a biro, ofishin gwamnati, aikinsa buga hatimi ne kawai, amma yadda yake ɗaga hannu kafin ya sauke shi kan takarda, sai ka rantse shi ke ba damina izinin sauka. Mu 'yan unguwa muka laƙaba masa Giwar Biro, ya karɓi sunan hannu biyu.

Rabin girman Giwa a mota yake, wata farar Fijo da ya saya hannun Bature mai komawa gida. Asansi, wato man mota, ya yi tsada, don haka ta fi yini a ƙofar gida. Mu kuwa, kada a ce mun fi shi hankali, a inuwarta muke zama, muna cin goronsa muna gaya masa abin da kunnensa ke so.

Ran wata Juma'a ya dawo daga masallaci, muka yi layi muna kai gaisuwa. Babban mutum ba ya amsa gaisuwa da hannu ɗaya, sai ya saki tuƙi ya ɗaga biyu. Fijo ta ga an ba ta 'yanci, ta je ta rungumi turken raƙumi. Ƙarfen nan mai walƙiya na gabanta, wanda 'yan garaji ke kira farshok, ya lotse a tsakiya.

Giwa ya fito ya gyara riga. "Messieurs, wanga ba hatsari ba ne. Turken ne aka kafa ba bisa doka ba."

Muka ce gaskiya ne, ranka ya daɗe, ko da yake turken ya girmi kakansa.

To ga abin da ba mu sani ba a lokacin. Albashin komi ba ya kai tsakiyar wata, tumbin da muke girmamawa kuma rabinsa riga ce. Abin da ya rage a gidan buhu biyu ne na hatsi, matarsa Fulera tana aunawa da ƙaramin ƙoƙo don su kai damina. Alkasum yana tsoron yunwa, yana tsoron soja, amma abin da ya fi hana shi sukuni shi ne gari ya gane ba shi da komai.

Mai garaji ya ce sai an aiko da sabo daga Yamai, ya faɗi kuɗin da ya sa hular Giwa ta jiƙe. Lokacin kuwa sojoji na kame ma'aikatan da suka ɓoye hatsin taimako. Nan Giwa ya sami mafaka. Ya dawo ya rage murya, ya ce mana, "Kuɗi ba matsala ba ne. Mais a zamanin soja, mai hankali ba ya nuna abin hannunshi."

Muka jinjina kai. Ashe dukiyar har ta kai ta ɓoyewa.

A cikin gida Fulera ta ce, "Malam, lotsewa ba ta hana mota tahiya. Ka bar ta hakanan."

"Ke ba ki san prestige ba," in ji shi.

Sai ya yanke shawarar kai wa Bahago maƙeri, mai ƙera takobi da kayan azurfa, a kan maƙeri ya fi araha. Ya manta abin da kowa ya sani a garin nan, mai garaji ne ke yanka kuɗi, maƙeri ba ya yi. Muka bi shi har maƙera, don ba mu da aikin da ya fi wannan.

Bahago ya kwance farshok, ya gasa, ya daka, ya goge, har mutum na ganin haƙoransa a ciki. Giwa ya zura hannu aljihu inda 'yan tammominsa, ragowar canjin albashi, ke kwance, ya ce, "Nawa?"

"Subhanallahi," in ji Bahago. "Ni in yi ciniki da kai? Babba shi ke auna kanshi, ya ba da daidai girmanshi."

Kafin Giwa ya haɗiye wannan, Altine matar Bahago ta fito ta rangaɗa guɗa, ta shiga kirari: giwa mai hatimi, inuwar marasa inuwa, wanda fari ya gani ya kauce. Kowa ya san bakin Altine. Ba a biki ko suna ba ta je ba, marowacin da ya shiga waƙarta kuwa, sunansa kan riga shi isa Dabaga. Mu kuma mun zuba wa aljihun ido. Hannun ya fito wayam.

"Buhun hatsi," ya ji bakinsa ya faɗa.

Wani daga cikinmu, ba sai an faɗi suna ba, ya ce ai haka wani fatken gishiri daga Fachi ya bayar, kuma shi kuben takobi kawai aka gyara masa.

"Biyu," in ji Giwa.

Fulera ba ta yi faɗa ba. Ta zauna bakin ɗaki da ƙoƙonta a hannu tana kallo. Wallahi tausayinta ya kama mu, amma bai hana mu taya shi ɗora buhunan a mota ba. Ya kuwa bi ta tsakiyar kasuwa, a hankali, farshok na ɗaukar ido.

A garin da mata ke tonon gidan tururuwa neman ƙwaya, komi ya yi kyautar buhu biyu saboda ƙarfe. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Washegari da hantsi motar soja ta tsaya ƙofar gidan, wani sarjan ya sauko ya ce an zo binciken ɓoyayyen hatsi.

Da Giwa ya ga unguwa ta cika, sai wani daɗi ya ratsa shi, don manya kaɗai ake bincika. Ya sa babbar riga ya tsaya kusa da Fijo. "Ku gani dai," ya ce mana, "haka ake yi ma duk wanda ya yi suna."

Sojoji suka duba ɗaka, suka ɗaga gado, suka buga ƙasa ko akwai rami. Suka sami tukunya a kife, murhu ba wuta. Sarjan ya fito yana kakkaɓe hannu, ya ɗaga murya yadda har na bayan katanga suka ji.

"Ƙarya aka yi ma bawan Allah. Wanga matalauci ne, ko na kunu babu gidan. Maƙwabta ku taimaka ma matar."

Muka kalli juna. Ashe kallon kitse muke wa rogo, kuma mun daɗe muna lasar baki.

Giwa ya matsa kusa da sarjan. "Chef, ba ku ɗan tahiya da ni, ko na yini guda, don idon mutane?"

Sarjan ya dube shi daga hula har takalmi. "Malam, abincin gidan kaso na ɓarayin gaske ne. Ka nemi naka."