Rasuwar Falmaran Mai Aljihu Goma Sha Huɗu

Da zuciya mai cike fal da baƙin ciki, da gadon baya mai jin sanyi, Mai Agogo na layin 'yan gyara yake sanar da 'yan uwa, da abokan farauta, da dukkan zabin daji da suka amfana da marigayiya, rasuwar falmaran ɗinsa ta farauta, wadda rai ya yi wa halinsa ranar Asabar da ta wuce, da la'asar, a bakin ƙofar falo, kuma a gaban baƙo. Ta rasu tana da shekara goma sha ɗaya a hannunsa. Shekarun da ta yi a jikin mai ita na farko kuwa, wannan sai Allah sai ɗan gwanjo.

Ga waɗanda ba su san asalinta ba, likita ne ya haɗa su. Ya auna Mai Agogo ya ce zaman benci yana ƙura wa cikin agogo ido daga safe har yamma ne zai kai shi ƙasa, ya je ya nemi abin da zai sa shi tafiya. Maƙwabcinsa Direba, wanda ke fita farauta duk Asabar, ya ce ya biyo su, har ya ba shi tsohuwar bindigarsa, amma ya ce lallai ya nemi falmaran, don maharbi ba ya zuba harsashi a aljihun wando. Mai Agogo ya nufi babban shagon kayan farauta, mai ƙofar gilashi da sanyin na'ura. Aka sauko masa da wata mai laushi, ba ta jin ruwa, ba ta jin ƙaya, ko ka murza ta ba ta cewa uffan. Ya shafa, ya yaba, ya juya 'yar takardar farashi, sai ya ji jinin nan da likita ke magana a kai ya hau nan take. Ya ce bari ya je ya dawo. Har yau mai shagon yana jira.

A tulin gwanjo ya same ta, kwance tsakanin labule da rigar sanyi mai hannu ɗaya, launinta wani iri, shi ba ruwan ƙasa ba shi ba kore ba. Ɗan gwanjo ya karkaɗe ta ya ce, "Yallaɓai, ƙirga aljihu kawai. Falmaran ai aljihu ce, sauran duk iyayi ne." Ya ƙirga, goma sha huɗu cif, har da wani babba a baya mai faɗin buhu na zuba abin da aka harbo, da wani ɗan ƙarami a ciki, daidai saitin zuciya, wanda ko ɗan gwanjon bai san da shi ba. An ce araha ba ta ado, to Mai Agogo ba ado ya je nema ba. Ya saka ta tun daga nan, ya taho gida yana buɗa kafaɗa.

Marigayiya ta kasance mai yawan magana, kuma iyalanta ba za su ɓoye wannan ba. Yadinta ɗan uwan leda ne, kowane taku sai ta amsa, ƙwaras, ƙwaras. Zif ɗinta yana tafiya zirrr, ya kai tsakiya ya ce ƙit, ya tsaya ya huta. Murafen aljihunta kuwa ba su da maɓalli, wani ƙyalle ne mai kaushi da ke manne wa ɗan uwansa, in aka ɓare shi sai ya kwarma, ƙyaaat! Wanda ya taɓa jin wannan murya a daji da sassafe ba zai manta da ita ba, kuma babu dabbar da ta taɓa tsayawa ta ji ta sau biyu.

A ranarta ta farko a bakin aiki ta nuna halinta na tausayi. An laɓaɓa an cim ma garken zabi suna kiwo, Direba ya ɗaga hannu alamar kowa ya ɗauke numfashi, Mai Agogo ya kai hannu aljihu zai ƙaro harsashi. Ƙyaaat! Zabi suka tashi fir, zomo ya arce, har wata kurciya da ba ruwanta ta canza bishiya. Direba ya juyo ya dube shi, irin kallon da ake yi wa wanda ya yi atishawa a miya. Tun daga ranar 'yan farauta suka sa masa suna Jiniya, suke ajiye shi can gefe guda, nesa da kowa, don ya koro musu nama. Ta haka marigayiya ta ciyar da gidaje biyar ba tare da maigidanta ya taɓa zubar da jinin ko ƙadangare ba.

Sai dai babbar hidimarta, wadda ta sa ake kukanta yau, ba a daji ta yi ta ba. Matar Mai Agogo 'yar maharbi ce, na gaske, wanda ake ba da labarinsa. Kuma a waccan Asabar ta farko, da falmaran ta hau masa kai, mutumin naku ya tsaya a ƙofar kicin ya ce, "Maman yara, ɗora ruwa, yau naman daji za ki ci." To ga shi da yamma yana dawowa, baya fayau. Ya tsaya a bakin hanya wajen wani mai kaji, ya sayi zabo, aka yanka, ya cusa shi a babban aljihun baya. Da ya zaro shi a tsakar gida, matar ta tsaya da ludayi a hannu, ta dube shi da wani kallo da rabonsa da shi tun satin aurensu, ta ce, "Baba ma da zabo ɗaya ya fara." Wannan kallon ne ya gama da shi. Don kada ya rasa shi, Mai Agogo ya yi shekara goma sha ɗaya yana harbo zabi a kejin mai kaji.

Akwai dai wata 'yar matsala. Mai kajin nan yana ɗaure ƙafar kowane zabo da jan zare mai kauri, ya ƙulle shi tam, al'adarsa ce, ko an hana shi sai ya yi. Saboda haka duk Asabar, a kwanar gida, Mai Agogo kan tsaya ya ciro 'yar wuƙa daga aljihu na bakwai, ya yanke zaren, ya tura shi can cikin ƙaramin aljihun nan na saitin zuciya, don kada a tsinta a layi a yi tambaya. Abin mamaki, in wata Asabar ta zagayo sai ya tarar da aljihun wayam. Ya yanke hukunci a ransa cewa akwai ɓula, zaren yana zurarewa cikin shafi. Ya kan shafa ƙirjinta ya ce Allah Ya yi miki albarka, kina haɗiye shaida. Wallahi ko cikin mutane samun mai riƙe amana irinta sai an tona.

Ciwon ajali ya fara mata ne a hankali. Da farko zif ya daina wuce tsakiya, Mai Agogo ya shafa masa man agogo, ya ɗan farfaɗo. Sai kafaɗa ta fara furfura, sai murya ta dusashe, ƙyaaat ɗin nan mai tada garke ya koma ƙyat, kamar na mai mura, har Direba ya fara ƙorafin nama ya daina zuwa wajensu. Aljihu na uku ya haɗe da na huɗu, suka zama gida ɗaya. Masu gani sun ce a hutar da ita, ya ce ba ya jin shawarar mahassada. A makonta na ƙarshe aljihu na bakwai ya huje, 'yar wuƙa ta sulale ta faɗi a daji, marigayiya ba ta ko sanar ba.

Ranar Asabar ɗin, yayan matarsa ya kawo ziyara, babban ɗan maharbi ke nan, mutumin da ba a taɓa ganin haƙoransa ba sai in yana cin nama. Mai Agogo ya iso kwanar gida, ya lalubi wuƙa, babu. Ya gwada ƙullin da farce, ya gwada da haƙori, mai kaji ya ƙulle shi kamar da gayya. Ya ce to, bari ya wuce kicin da sauri ya yanke da wuƙar albasa. Yana sa ƙafa a ƙofar falo, ya sunkuya zai gaida suruki kamar yadda ya kamata, sai marigayiya ta furta kalmarta ta ƙarshe: ɓaaarrr. Aljihun baya ya yage, zabo ya faɗo tim a kan tayil, ƙafafu sama, jan zare yana sheƙi. Mai Agogo ya ji duniya ta tsaya cak, shi da sana'arsa tayar da abin da ya tsaya. Kafin suruki ya gama gyara tabarau, matar ta riga ta kifa wa zabon babban kwano, ta suri abinta ta yi kicin tana cewa, "Sannu da daji, Baban yara." Suruki ya ci, ya suɗe yatsu, ya yi gyatsa, ya ce naman daji daban ne, na gida ba ya kama ƙafarsa. Mai Agogo kuwa yana ta tambayar kansa, ta gani ko ba ta gani ba?

Da safe ya naɗe marigayiya a leda ya kai ta wajen tela, ko da sauran numfashi. Tela ya shimfiɗa ta a kan keke, ya juya babban aljihun baya ciki ya koma waje, wurin da Mai Agogo bai taɓa leƙawa ba tun da yake. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Sai haƙuri, yadin ne ya mutu, ba inda allura za ta kama. Amma wa ya yi maka wannan ɗinkin? Ai ya fi ni haƙuri. Ba don shi ba, da tun shekarar farko aljihun nan ya zube." Mai Agogo ya ciro gilashin ido ɗaya da yake duba cikin agogo da shi, ya sunkuya. Ɗinkin hannu ne, layi a kan layi, wani ya koɗe wani sabo, guntu an ƙulla da guntu, kuma dukkansa jan zaren mai kaji ne. Mutumin da ke hango ƙusar da ta fi ƙwayar gero ƙanƙanta ya yi shekara goma sha ɗaya yana goye da wannan a bayansa bai gani ba. Ya zauna a bencin tela, kunya ta rufe shi.

Ya same ta a tsakar gida tana shanya. Ya miƙa mata ledar, ya kasa haɗa ido. Ta leƙa, ta ce, "Allah sarki, ta huta." Ya ce, "Tun yaushe?" Ta ce, "Baban yara, ni fa 'yar maharbi ce. Tun ina ƙarama nake tofar da dalmar harsashi daga nama. Zabinka ban taɓa tauna ko ƙwaya ɗaya ba, kuma duk da ƙiba suke zuwa, kamar masu albashi." Ya ce, "To me ya hana ki magana?" Ta matse zani ta rataya, ta ce, "In ce me? Kana fita da ƙafarka, jininka ya sauka, kana dawowa da dariya, ga zabo a tukunya. Mutum ya sha rana shekara goma sha ɗaya don kawai in dube shi, sai in tona masa asiri? Ai kai nake kallo, ba zabon ba." A nan ne Mai Agogo ya yi kukan da mutanen layi suka ɗauka na falmaran ne, kuma an bar su a haka.

Marigayiya ta bar bindiga guda, wadda za ta koma ga Mahaliccinta ba hakkin rai ko ɗaya a kanta. Ta bar takalma biyu da suka san hanyar keji fiye da ta daji, da hula mai kunnuwa, da harsasai goma sha biyu da suka tsufa a aljihu ba su taɓa ganin duniya ba. Ta bar mai kaji, wanda ya rufe rumfa rabin yini da jin labari, don shi mutuwar nan ta fi taɓawa. Ta bar zabin daji cikin maraici, yanzu ba mai yi musu gargaɗi. Direba ya zo gaisuwa, ya ce Allah Ya sa ta huta, ya kuma nemi a gaggauta samo wata mai irin muryarta.

Za a yi jana'izarta ranar Juma'a da hantsi, a bayan gida, gindin bishiyar lemo. Ba za a yi mata salla ba, liman ya ce kada a sa shi cikin shirme. Za a zauna karɓar gaisuwa a bencin shagon agogo har azahar, kuma ana roƙon masu zuwa kada wanda ya kawo hoton falmaran mai tsada a waya, marigayiya ba ta yi sanyi ba, aljihun mai makoki ma haka. Ana kuma roƙon wanda duk ya karanta wannan sanarwa kada ya kai ta kunnen suruki.

Za a binne ta da zif ɗinta da aljihunanta goma sha huɗu, amma ban da jan zaren. Tun jiya Maman yara ta zauna da allura ta warware shi kaf, ta naɗe a guntun kwali, ta jefa a gwangwanin ɗinkinta. Ta ce Asabar da sassafe ya koma gwanjo ya zaɓo wata, mai araha, mai faɗin aljihun baya, ya wuce daji daga can. Ita za ta ɗora ruwa.